Yadda Ake Kushe Faifan 'Yar Cikinka Alhali Ka Haddace Shi

Idan 'yarka ta fitar da faifan waƙoƙi, kai kuwa ka riga ka rantse a gaban mutane cewa kunnenka ba zai taɓa jin kiɗanta ba, kwantar da hankalinka, ka zo inda za a share maka hawaye. Ga matakai bakwai. Duk wanda ya bi su sau da ƙafa, na ba shi tabbacin zai tsufa da girmansa cif: ba za a kama shi yana gyaɗa kai ba, ba za a ji yabo daga bakinsa ba, kuma ba za a taɓa cewa ya lashe amansa ba.

An tsamo matakan ne daga rayuwar wani mai gyaran rediyo da ake kira Injiniya, ko da yake bai taɓa taka ƙofar jami'a ba. Shagonsa yana bakin titi, jikin shagon wani tela, cike da gawarwakin rediyoyi da talabijin da masu su suka manta da su. Da ƙuruciyarsa shi ne mai kaɗa fiyanon lantarki a wata ƙungiyar makaɗa ta mutum biyar. Shekara tara suna yawo daga wannan dandali zuwa wancan, suna ɗaukar sifiku a ka, har ranar da aka haifa masa ɗan fari ya duba ya ga tafin 'yan kallo ba ya cika tukunya. Ya naɗe fiyanon a bargo, ya tura shi saman kabad, ya kama sukundireba.

Bayan shekara talatin sai autarsa, wadda ya ɗauki nauyin karatunta har ta samu aiki a wani babban kantin magani, ta sauko da fiyanon, ta karkaɗe shi, ta ajiye aikin. Ta same shi a shago ta gaya masa kiɗa za ta yi. A gaban Tela, da mutum biyu da suka kawo gyara, Injiniya ya kama kunnensa ya ce, "Ki je ki yi. Amma wannan kunnen, muddin ina numfashi, ba zai ji abin da za ki kaɗa ba." Magana kuwa zarar bunu ce.

Shekara biyu da haka faifan ya fito, waƙa goma, duk irin kiɗan zamanin kaset: fiyanon lantarki mai zaƙin murya, gangar inji mai bugu daidai wa daida, jita mai tsawa, abin da ke tayar da mai ciwon baya ya taka rawa. Wato dai ainihin kiɗan da uban ya yi ya bari. Auta tana jiran ta ji abin da zai ce, shi kuma ya rantse bai ji ba. Daga nan darasinmu ya fara.

Mataki na ɗaya: Kada ka saurara, in kuwa ka saurara ka ce aiki ne

Ka sani cewa kunne iri biyu ne. Akwai kunnen uba, akwai kunnen sana'a, kuma rantsuwa a kan na uban kaɗai take hawa. Wannan fatawa ba za ka same ta a kowane littafi ba, don haka kada ka wahalar da kanka da nema.

Injiniya ya fara jin faifan ne bisa tsautsayi. Wani ya kawo sifika tana kukan kwaɗo, ya haɗa ta da wayarsa don ya nuna matsalar, sai ga muryar Auta a kan sautin fiyanon da ubanta zai gane ko cikin barci. Injiniya ya ce wa mai sifikar ya tura masa waƙoƙin, saboda da su ne kawai za a iya gano inda cutar take. Sifikar da gyaranta bai wuce ɗiga dalma a waya ɗaya ba ta kwana goma sha ɗaya ana gwaji. Mai ita ya zo sau uku.

Daga ranar, duk abin da ya shigo shagon da faifan ake gwada shi. Har dutsen guga an taɓa gyarawa da iyafis a kunne.

Amma ka kula da ƙafarka, domin ita ce munafukar jiki. Fuska za ta ɗaure, baki zai yi gum, ita kuwa tana ƙarƙashin tebur tana tona maka asiri. Wata rana Tela ya leƙo neman aron filaya, ya tsaya yana kallon ƙasa.

"Injiniya, keken ɗinki ka saya ban sani ba? Na ga ƙafarka tana ta aiki tun safe."

"Jijiya ce," in ji Injiniya. "Likita ya ce in riƙa motsa ta."

Ka haddace wannan amsa. Ba wanda ke jayayya da likita.

Mataki na biyu: Ari bakin wasu ka ci albasa

Tunda ba ka ji ba, ba ka da ra'ayi. Amma duniya cike take da masu ra'ayi, kuma kyauta suke rabawa. Ɗauko tabarau, ka buɗe shafin da masu sauraro ke sharhi a kan faifan, ka yi kiwo.

Za ka tarar da masu yabo. Wani ya rubuta, "Wayyo, wannan ya tuna mini da zamaninmu!" Ka duba hotonsa, ko gemu bai fara ba. Irin waɗannan suna kewar zamanin da ba su gani ba, ba su taɓa jan zaren kaset da biro ba, ba su taɓa kaɗa wa kujeru arba'in da mutum shida ba. Wuce su.

Masu amfani gare ka su ne irin waɗannan: "Tauraro biyu. Kiɗan tsofaffi ne, kakata ta tashi rawa har ta ture mini fanka." Ko kuma, "Satar fasaha ce, an gama wannan tun kafin a haife ta." Akwai wanda ya ce a mota faifan ya yi masa daɗi, a gida kuma bai ji komai ba, don haka yana ganin motar ce mai daɗi. Wata ta ce waƙa ta huɗu kamar ƙugin tsohon firiji take.

Zaɓi mafi zafi, ka sa masa "an ce" a gaba, ka kai gida. Haka Injiniya ya yi ana cin abincin rana.

"An ce wai kamar firiji," ya faɗa wa kwanonsa.

Matarsa ta ɗago. "Malam, su wa suka ce?"

"Mutane."

"Mutanen nan dai da ke kwana a aljihun rigarka?"

Auta ta yi 'yar dariya, irin wadda ake yi don kada a ga an ji zafi. Ta ce, "Kai fa, Baba? Kai me ka ce?"

"Ni da ban ji ba?"

Ta ci gaba da cin abincinta, amma ba ta ƙara loma uku ba ta tashi. Kada wannan ya dame ka. Matasa dama ba su cika cin abinci ba.

Mataki na uku: Kada ka fi wanda ya ji sani

Nan ne tsofaffin makaɗa ke faɗuwa, don haka buɗe kunnenka, na sana'ar nake nufi. Sukarka ta zama mai faɗi kamar tabarma: hayaniya ce, ba ma'ana, yaran yanzu. Da zarar ka fara ambaton lamba, ka kashe kanka.

Wani mai jiran ɗinki a bencin Tela ya ce shi ganga ce ta yi masa yawa a faifan. Injiniya, da ba a tambaye shi ba, ya fito da ƙarfen dalma a hannu yana hayaƙi.

"Wace ganga? Gangar lafiyarta ƙalau! A waƙa ta huɗu ne, bayan amshi na biyu, jitar ta danne fiyanon na wajen sakan takwas. Da an rage ta kaɗan da ka ji abin da ke ƙarƙashi. Ku dai ba ku iya saurare ba!"

Tela ya cire zaren da ke bakinsa ya ce, "Wanda bai ji ba ke nan. Ina ga wanda ya ji?"

In haka ta same ka, yi tari mai ƙarfi, ka ce haka aka ce, ka koma shago da sauri kamar wani abu yana ƙonewa. A shagon mai gyara dama kullum akwai abin da ke ƙonewa.

Mataki na huɗu: In ciki ya cika, amayar da shi da sunan wani

Ra'ayin da aka danne kumburi yake sa wa. Buɗe shafi da sunan bogi, ka sa hoton fure, ka rubuta abin da ke ranka. Injiniya ya kira kansa Mai Sauraro Kawai.

Ya fara da mai cewa satar fasaha ce. Da yatsa ɗaya, a cikin awa biyu, ya yi masa bayanin bambancin sata da gado. Amsar da ya samu ita ce, "Baba, je ka sha magani." Ya koma kan masu yabo, su ma suka ba shi haushi, domin duk "wuta" da "ba dama" suke rubutawa, ba wanda ya faɗi abin da aka yi daidai. Sai ya yanke shawarar nuna musu yadda ake sharhi.

A nan sai ka fahimci inda mutumin ya fito. Shugaban ƙungiyarsu na da, wani dogo mai kaɗa jita, bai taɓa yaba wa kowa ba. In ka yi kiɗa ya zaunar da kai ya lissafa maka kurakuranka ɗaya bayan ɗaya, to ya ɗauke ka makaɗi. In ya ce "madalla" ya wuce, ka fara neman wata sana'a. A wannan makaranta Injiniya ya yi karatu, kuma bai san akwai wata ba.

Kwana uku yana rubutu tsakanin gyara da gyara. Kurakurai goma sha bakwai ya jera, kowanne da lambar waƙa da minti da sakan: inda numfashi ya yanke, inda aka yi gaggawa, inda hannun hagu ya yi kasala. A ƙasa ya rubuta, "Amma duk da haka ban taɓa jin," sai ya tsaya. Ya dubi layin nan ya ga kunnen uba ne ya rubuta shi, ya goge. Ya ba da tauraro uku, ya tura, ya ji sakayau kamar wanda ya sauke kaya.

Yi koyi da shi wajen goge layin ƙarshe. Yabo kamar gishiri ne, kuma likitoci sun hana.

Mataki na biyar: Karɓi nasararka cikin natsuwa

In ka bi matakan baya da kyau, sakamako ba zai daɗe ba. Bayan mako guda, da safe, Injiniya yana ɗaura agogo zai fita, matarsa ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki.

"Malam, sai ka zuba ruwa a ƙasa ka sha. Auta za ta koma kantin magani ranar Litinin, sun yarda su karɓe ta. Fiyanon ma ta samu mai saye, Asabar zai zo."

"Saboda maganar firiji?"

"Ina! Ta ce zagin yara ba ya damunta. Wani ne, in ji ta, wanda ya san kiɗa da gaske, ya zauna ya saurara da kyau, ya fito mata da kuskure goma sha bakwai, kuma ta duba duk gaskiya ya faɗa. Ta ce in wanda ya sani bai samu ko abu ɗaya na yabo ba, ubanta kuma ko ji ya ƙi, to wa take yi wa?" Ta gyara ɗankwalinta, ta dube shi ido cikin ido. "Ko wane ne wannan mutum, Allah ya shirye shi."

Yanzu ka yi murmushin dattijo, ka ce dama ka faɗa. Abin da ka nema shekara biyu ke nan, ga shi an kawo maka har ɗaki.

Injiniya bai iya murmushin ba. Ya kasa saka maɗaurin agogon a raminsa, ya cusa shi a aljihu ya fita. A shago ya zauna gaban wata rediyo a buɗe har rana ta take bai taɓa ta ba. Kunya ce ta kama shi, da tsoro. Ya san yadda bargo yake a kan fiyano, ya san shekara talatin ba wuyar wucewa gare su ba, kuma wannan karon da yatsansa guda ya naɗe shi. Tela ya leƙo sau biyu, ya ga ƙafar a tsaye cik, ya koma bai yi tsokana ba.

Wannan duk rauni ne. Kai ka daure.

Mataki na shida: Gyara kayan, amma kada ka sake wa yatsunka linzami

Mai yiwuwa a kawo maka kayan kiɗan har shago. Ranar Juma'a da hantsi Auta ta shigo rungume da fiyanon, ta ɗora a kan tebur tsakanin mita da gwangwanin kusoshi.

"Baba, aiki na kawo, ba kiɗa ba. Maɓalli biyu suna maƙalewa, mai sayen ya ce a gyara kafin gobe."

Ta koma bakin ƙofa ta tsaya tana latsa waya. Injiniya ya kwance bayan fiyanon, ya hure ƙura, ya goge, ya miƙe wani ɗan ƙarfe da ya lanƙwashe. Aikin minti ashirin. Ya mayar da kusoshi, ya jona wuta.

To ga ƙa'idar, ka rubuta ta a tafin hannunka. Gyara ba ya cika sai da gwaji, amma gwajin da yatsa ɗaya ake yi, daga hagu zuwa dama, maɓalli bayan maɓalli, kamar mai duba haƙoran akuya. Hannu biyu haramun ne.

Injiniya ya fara daidai. Ya kai tsakiya da yatsa ɗaya. Sai hannun hagu, wanda ba a gayyata ba, ya hau ya zauna inda ya saba zama. Abin da ya fito waƙa ta tara ce, mai sanyin nan da ba wanda ya ambata a sharhi, tun daga farkonta, da kowane lanƙwasa da Auta ta yi mata. Yatsun sun yi tauri, sun yi tuntuɓe sau biyu, amma ba su ɓata hanya ba. Keken Tela ya tsaya. Shi kuwa mai gwajin bai farga ba sai da ya kai ƙarshe, ya ɗago ya ga 'yarsa ta sauke wayar tana kallonsa.

"Baba, sau nawa ka ji ta?"

"Gwaji nake..."

"Wata huɗu!" in ji Tela ta bayan bango. "Ni da ban da kunnen kiɗa ma na haddace!"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Auta ta matso ta dafa tebur. Yarinya ce mai kaifin kai, ba ta daɗe tana haɗa lissafin ba.

"Goma sha bakwai ɗin nan," ta ce a hankali. "Kai ne."

Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. "A wurinmu haka ake yi, Auta. Ba a lissafa wa mutumin banza kuskure. Shekara talatin ina jin kiɗan mutane a shagon nan, ban taɓa ɗaukar biro saboda kowa ba."

"Ni ba 'yar ƙungiyarku ba ce, Baba, 'yarka ce. Kwana bakwai ina karanta abin nan ina kuka. Ba lissafi nake nema ba. Ka ji. Ya yi daɗi ko bai yi ba?"

Mataki na bakwai: In an tsare ka da tambaya, nemi ƙofar baya

Ga ƙofofin, duk a buɗe suke. Kana iya cewa ba laifi. Kana iya cewa da sauran aiki. Kana iya cewa daɗi ai ya danganta da mai ji, ka kawo misalin mai mota. Kana iya tuna mata cewa aikin kantin magani yana da fansho. In duk sun ƙi, waiwaya ka tambayi Tela ƙarfe nawa. Kowacce ka bi za ka fita da rantsuwarka a hannu ba ta yi ko ƙwarzane ba, Litinin kuma 'yarka ta sa farar riga ta tafi aiki.

Injiniya ya ga ƙofofin nan duka, ya ma buɗe baki da niyyar "ba laifi". Sai ya dubi idon Auta, ya ga da gaske take jira, kuma daga yau ba za ta sake tambaya ba.

"Ya yi daɗi," ya ce. "Ya fi duk abin da na taɓa kaɗawa. Na ji haushi ne kawai, Auta, don na san wahalar hanyar, kuma ni ban iya kai ƙarshenta ba. Kada ki sayar."

Auta ta zauna a kan wata matacciyar talabijin ta rufe fuska da mayafi. Uban ya rasa inda zai sa hannunsa, sai ya ɗora shi a kanta kamar lokacin da take ƙarama. Tela ya tayar da kekensa da ƙarfi, ba don yana da ɗinki a kai ba.

Washegari mai sayen ya zo, Injiniya ya tare shi a bakin shago ya yi masa bayani irin na masana, cewa cutar fiyanon ta gado ce, ba ta jin magani, kuma in ya bar gidan ba zai ƙara kuka ba. Mutumin ya tafi yana godiya da aka cece shi.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. Tabbacin da na bayar na wanda ya bi matakan har ƙarshe ne, kuma ka ga da idonka cewa mutumin da aka samo su daga gare shi a na bakwai ya zube. In ka yi irin tasa, 'yarka ta ƙi komawa kantin magani, aka mayar da shagonka wurin gwajin sababbin waƙoƙi, maƙwabcinka ya riƙa ba da labarinka ga duk wanda ya kawo ɗinki, matarka kuma ta riƙa yi maka kallon da ya fi magana ciwo, kada ka neme ni. Na ce ka kame bakinka. Injiniya ya saki nasa, ya zubar da girman da ya yi shekara biyu yana gadi, abin da ya rage masa kawai 'yarsa ce, kuma har yau ba a ji ya kai ƙara ko'ina ba.